Yadda ake gyara aiki a asibitin neman haihuwa, daga bakin ƙofa har asusu

Wannan bayanin na masu asibitin neman haihuwa ne, da manajoji da nas-nas ɗin da ke riƙe da wajen, da likitan matan da ke tunanin ƙara ɓangaren IVF, wato dashen ɗan tayin da aka haɗa ƙwai da maniyyinsa a lab, a asibitinsa a Kano ko Kaduna ko Abuja. Aikin ba sabo bane a ƙasar nan, tun shekarun 1980 Farfesa Ashiru da Farfesa Giwa-Osagie suka fara a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a 1998 Dakta Ibrahim Wada ya yi nasara a Nisa Premier da ke Abuja, amma har yau mai kuɗinmu in an ce dashe jirgin Alƙahira ko Indiya yake nema, mara kuɗi kuma ya koma wajen mai magani. Abin da ke cin yawancin asibitocin nan shine mutane suna zuwa sau ɗaya su ɓace, ko a yi musu zagaye ɗaya bai yi ba su tafi da haushi, kuma duk inda ma'aurata suka sulale nan ne kuɗin asibitin ma ke zurarewa. Toh bari mu bi aikin yadda su suke binsa.

Mataki na farko ka raba wajen zamansu da na masu awo. Mace shekara da shekaru tana nema ka zaunar da ita benci ɗaya da masu tsohon ciki da masu goyo suna ta hirar suna, ba zata ce maka komai ba amma ba zata dawo ba. In ginin ƙarami ne ka raba ranaku ko ka basu yamma. A daina ƙwala kiran suna a gaban jama'a, a bada lamba, don maƙwabciya ko 'yar uwar kishiya na iya kasancewa a wajen. A fom ɗin farko a tambaya a rubuce: wace lamba za a kira, wane lokaci, a turo saƙon WhatsApp ko kada a turo, wa aka yarda a gaya wa sakamako. Akwai wadda uwar miji ce ta kawo ta kuma ita ke biya, wannan bai ba Hajiya damar jin sakamako ba sai su ma'auratan sun ce a faɗa mata. Dokar kare bayanai ta 2023 ma tana nan, don haka nas mai ɗaukar hoton fayil da wayarta tana turawa a guruf ɗin ma'aikata a hana ta tun wuri. Sikanin kuma yawancinsa ta gaba ake yi ba ta kan ciki ba, a yi wa mace bayani kafin ta hau gado, in da hali mace ta yi mata, in namiji ne dole nas mace ta tsaya kuma a bata zanen rufa.

Mataki na biyu maigida ne, kuma anan zan ɗan daɗe. Ka kafa doka, ba a fara wa mace magani sai an ga gwajin maniyyin miji. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da wannan matsalar akwai hannun ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da na matar, gwajinsa kuma shine mafi arha a duk jerin, amma sai kaga an yi wa mace hoton mahaifa mai zafi, an ɗura mata Clomid, ƙwayar sa mace ta saki ƙwai, wata da watanni, har da wankin ciki, shi ko oga yana kasuwa ba wanda ya ce ya zo. Amsar da zaka fi ji ita ce "ai ina da yara da uwargida". Ba gardama za a yi ba, likita namiji ya keɓe da shi ya ce "Alhaji, autan nasu shekararsa nawa? Jiki yana canzawa, suga ko sanyi ko wani magani na iya taɓa abin bayan an haihu, mu duba ne kawai don kada a wahalar da Hajiya a banza". In ba a gaban matar ko nas aka faɗa ba, yawanci suna yarda.

Kuma don Allah ku gyara ɗakin bada samfur. Ba bayan gidan da kowa ke shiga ba, ɗaki mai sakata nesa da idon jama'a, da ruwa da buta da wajen wanka, don mutum zai so ya yi wankan janaba kafin ya koma shago ko masallaci. Da yawa ba za su iya a asibiti ba, ko ransu bai kwanta ba sai tare da iyali, toh a basu kwalbar lab su yi a gida ko kwandom na musamman mara sinadarin kashe maniyyi, ba na kemis ba, a kawo cikin awa ɗaya a aljihu kusa da jiki, ba a firji ba kuma ba a gaban mota cikin ranar Afrilu ba. Kwana 2 zuwa 7 ba saduwa kafin gwajin. Da azumi kada ka ba mutum ƙarfe goman safe, ko ka buɗe lab bayan shan ruwa ko a ɗaga sai bayan Sallah. Lab ya yi aiki da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, na 2021: aƙalla ƙwayoyin maniyyi miliyan 16 a kowane mililita, masu motsi kashi 42, masu tafiya gaba kashi 30, masu kyan siffa kashi 4. Sakamako ɗaya mara kyau baya isa a ce wa mutum ba zai haihu ba, zazzaɓi mai zafi kaɗai na iya saukar da shi, a maimaita bayan kamar wata uku tunda ƙwayar maniyyi na ɗaukar kwana 70 da wani abu kafin ta nuna. A tambaye shi hangum bayan balaga, aikin gwaiwa, sigari, da allurar testosterone da wasu ke yi wai don ƙarfi, ita wannan tana iya tsayar da maniyyi ƙaf alhali mutum yana jin kansa garau.

Na uku a rubuta tsarin bincike a takarda ɗaya wadda kowane likita zai bi, ba yau wannan ya rubuta gwaji rututu gobe wancan ya rubuta biyu ba. Shekara ɗaya ana saduwa ba tsarin iyali ba ciki sai a fara bincike, in mace ta haura 35 wata shida ya isa, in ta kai 40 ba jira. Zuwan farko tarihi da sikanin da jini: AMH mai nuna yawan ƙwan da suka rage wa mace ko ƙirga ƙananan ƙwai a sikanin, prolactin na sinadarin nono, TSH na ƙwayar maƙogwaro, HIV da ciwon hanta B da C na su biyun, da jinotayif don AS da AS gara su sani kafin a kashe miliyoyi. Hoton bututun mahaifa, HSG, bayan al'ada ta ɗauke, wajen kwana na 7 zuwa 10, da maganin zafi kafin a shiga. A wajenmu toshewar bututu tana da yawa saboda sanyin da ba a yi maganinsa daidai ba da cutar da ke shiga bayan ɓari ko haihuwa, ga ƙarin mahaifa da ya fi yawa a mata baƙar fata. A tambayi matar abin da take matsi da shi ba tare da an kunyata ta ba. Zuwa na biyu duk sakamako ya haɗu, su biyu su zauna, su fita da takarda mai cewa ga matsalar, ga hanya ta ɗaya, ga ta biyu, ga kuɗin kowacce.

Kuma ba kowa bane na IVF duk da nan kuɗin yake. Mai PCOS, matsalar da ke hana sakin ƙwai a kan lokaci, da bututunta ke buɗe kuma mijinta lafiya, ƙwayar letrozole da bibiyar sikanin na iya isarta, shi ma jagororin duniya suka sa gaba da Clomid tun 2018, amma a sa iyaka, zagaye shida ba labari a canza hanya. Wadda bututunta biyu suka toshe kada a ɓata mata shekara da ƙwayoyi, in bututun ya kumbura da ruwa a cire ko a ɗaure kafin dashe don ruwan nan yana rage nasara kusan rabi. Matar da ta samu ciki da magani mai sauƙi a hannunka ita zata kawo maka ƙawayenta na Islamiyya.

Na huɗu lab. Ɗan tayi yana son zafi 37 da iskar CO2 wajen kashi 5 zuwa 6, kuma baya son a riƙa canza masa, toh mu kuma ga NEPA. Lab ya zauna a kan inbata da batura kullum, wutar KEDCO ko AEDC da sola da janareta aikinsu cajin baturan ne kawai, ta yadda ko an ɗauke ko an kawo inkubeta, na'urar renon ɗan tayi, bata ma sani ba. Janareta biyu, na biyun ana gwada shi duk sati da lodi a kansa. Ƙararrawar da ke kiran waya in zafi ko gas ya sauka ta tafi lambar mutum biyu, kuma wani lokacin manaja ya gwada ta da tsakar dare ya ga ko ana ɗagawa. Janareta ya yi nesa da inda lab ke shaƙar iska don hayaƙin dizal guba ne ga ɗan tayi, haka sabon fenti, haka turare, a gaya wa Hajiya da ma'aikata ranar ɗibar ƙwai da ranar dashe ba humra ba turaren wuta a kaya. Da hunturu matatar iska na cika da ƙura da wuri, a riƙa dubawa ba sai ranar da kalanda ta ce ba.

Tankin ajiyar ƙwai da 'yan tayin da aka daskare ruwan naitirojin ne a cikinsa mai sanyi 196 ƙasa da sifili, yana raguwa kullum ko ba a buɗe ba. A riƙa aunawa ana rubutawa da sa hannu, a ajiye tanki ɗaya cike na ko ta kwana, a kuma samu masu kawowa biyu tunda sau da yawa daga nesa yake zuwa kuma mun san halin hanya. A Maris 2018 a Cleveland ta Amurka tanki ya yi zafi ƙararrawar nesa tana kashe, ƙwai da 'yan tayi wajen 4,000 suka lalace, kuma can ba a ɗauke wuta irin namu.

Abin da ya fi wannan tsoro shine musanya. Aisha Muhammad nawa ne a Kano? Ga kishiyoyi biyu da sunan miji ɗaya, ga waɗanda basu riƙe ainihin ranar haihuwa ba. Don haka suna kaɗai baya isa, lambar fayil ta kasance a abin hannun mace da kowace kwalba da kowane faranti, duk lokacin da za a motsa ƙwai ko maniyyi ko ɗan tayi mutum biyu su karanta da baki su sa hannu, kuma samfurin ma'aurata ɗaya ne kawai a kan tebur a lokaci guda. Nasaba ce, ba a gyara ta daga baya.

Na biyar allurai da dashe. Nas ta koya wa mace allurar da hannunta ta gani, ta tambaye ta ko akwai firji mai aiki a gida, in babu ta riƙa zuwa asibiti. Allurar ƙarshe ta nunar da ƙwai awa 34 zuwa 36 ce kafin ɗiba, in aka yi kuskuren lokaci an yi asarar zagayen, a rubuta mata da Hausa "ƙarfe tara na dare bayan Isha", a kuma kira ta a lokacin. Matashiya mai PCOS ko AMH mai yawa tana cikin haɗarin kumburin ƙwai da taruwar ruwa a ciki, a rage mata allura, a bi tsarin allurai mai rage wannan haɗarin da ake kira antagonist, in ƙwan sun yi yawa a daskare duka a dasa wani watan, a bata lambar da ake ɗagawa dare da rana. Sai rigimar nawa za a dasa, kowa Hassan da Usaini yake so, kuma mutum ya sayar da fili zai ce a zuba uku ko huɗu. A nuna musu gaskiya, tagwaye da 'yan uku sun fi zuwa bakwaini, ga hawan jini ga jijjiga ga kuɗin kwalbar jarirai da zai iya fin na IVF ɗin. Matashiya mai ɗan tayi mai kyau na kwana biyar a dasa ɗaya a daskare sauran. Hukumar HFEA mai kula da asibitocin neman haihuwa a Birtaniya ƙasa da kashi 10 ta sa a matsayin buri na haihuwar fiye da ɗaya, ku ma ku sa wa kanku iyaka a rubuce.

Na shida takardar yarda, a yi ta da Hausa da Turanci, a karanta wa wanda baya karatu. Tambayar farko da mutanenmu ke yi ita ce ya halatta? Fatawar Sheikh Jadul Haƙ a Masar a 1980 da matsayar majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a Amman a 1986 sun halatta in ƙwan matar ne da maniyyin mijinta cikin aure, sun hana na wani. Maganar kishiya ta ɗaukar wa kishiya ciki ma za a kawo maka ita, majalisar fiƙihu ta Makka ta yarda a 1984 sannan ta janye a 1985. Abin da ake yawan mantawa shine 'yan tayin da aka daskare, in an yi saki ko miji ya rasu ya za a yi da su, wa zai biya ajiya, in an daina biya wata nawa za a jira. A rubuta tun ana shiri, kuma duk dashe miji ya sake sa hannu da kansa, kada a dogara da na bara. Ba duk masu zuwa ne Musulmi ba, kowa a tambaye shi iyakarsa.

Na bakwai kuɗi. Ruwan renon ɗan tayi, allurar ɗibar ƙwai, bututun dashe, alluran haɓaka ƙwai, kusan duk da dala ake shigo da su, tun da aka saki naira a Yunin 2023 wanda bai sake lissafi ba yana aiki ne yana cin uwar kuɗi, ga wutar Band A da ta koma naira 225 a Afrilun 2024 ga dizal. Ka zauna da akawu ku fitar da abin da zagaye ɗaya ke ci har da dizal da gas da naitirojin da albashi, farashi ya zama na kwana 30. A ba ma'aurata takarda mai nuna abin da ke ciki da abin da baya ciki: magani, ICSI wato sa ƙwayar maniyyi ɗaya cikin ƙwai da allura, daskarewa, ajiyar shekara, maganin riƙe ciki. Babu abin da ke ɓata suna kamar ranar ɗibar ƙwai a ce Alhaji a ƙaro kaza. A raba biya kashi-kashi, a rubuta nawa za a mayar in an tsayar da zagaye kafin ɗiba. Kuɗi ta POS ko taransifa zuwa asusun asibiti da rasit, ba hannun ma'aikaci ba. Kuɗin da aka biya kafin aiki kamar zubin adashe ne a hannun uwar adashe, ba naka bane tukuna, ka ware shi kada ka sayi mota da shi.

In masu zuwa basu da yawa a haɗa su rukuni-rukuni don ruwan reno in an buɗe baya daɗewa, amma kada a cika fiye da ƙarfin inkubeta da ma'aikata, yawan buɗe ƙofarta ma illa ne. A sito wanda zai riga lalacewa shi ake fara fitarwa, firjin magani 2 zuwa 8 da ma'aunin zafi a ciki. Rajistar PHIMA, hukumar asibitoci masu zaman kansu, in a Kano kake, lasisin MDCN na likitoci, shiga AFRH, ƙungiyar masu aikin neman haihuwa ta ƙasa, duk a sabunta. Masanin lab ɗaya tak kuma haɗari ne a wannan zamanin na ficewa waje, a horar da na biyu tun yanzu.

Na takwas duk ƙarshen wata a zauna da lambobi. Ba "gwaji ya nuna ciki" ake ƙirgawa ba, bugun zuciya a sikanin da haihuwa ake ƙirgawa, a raba da duk waɗanda aka fara wa allura har da waɗanda aka tsayar, a kuma ware ta shekaru don 'yar 28 da 'yar 42 ba ɗaya bane. Na lab akwai ma'aunin Vienna na 2017 da masanan lab suka amince da shi: haɗuwar ƙwai da maniyyi a ICSI kada ta gaza kashi 65, waɗanda ke kaiwa matakin kwana biyar kada su gaza kashi 40, in kun sauka a fara duba gas da zafi da sabon ruwan reno kafin a zargi mutum. Sai na ofis: cikin masu zuwan farko nawa suka dawo na biyu, mazaje nawa suka yi gwaji, nawa suka dawo bayan bai yi ba. Lambar da kuka samu ita za ku faɗa wa mutane, mai tallan kashi 80 ko 90 ƙarya yake, kuma tun farko a gaya musu da yawa sai an yi fiye da sau ɗaya.

Sai ranar sakamako, wajen sati biyu bayan dashe. Nas ɗin da suka saba da ita ce zata kira a lokacin da aka yi alƙawari, ba saƙon tes ba, ba kashiya ba. In bai yi ba ta jajanta, ta gaya mata wane magani zata daina da yaushe jini zai zo, a basu ganin likita kyauta cikin sati biyu su biyun, a buɗe fayil a nuna musu ƙwai nawa aka samu, nawa suka haɗu, me za a canza, nawa suka rage a tanki da kuɗin dasa su wanda bai kai na sabon zagaye ba. In ya yi, sikanin a sati na 6 zuwa 7 don a ga bugun zuciya a kuma tabbatar ba a bututu ya zauna ba, a rubuta wasiƙa zuwa inda zata yi awo, a sa watan haihuwarta a kalandar nas don a kira a ji yadda aka sauka a cike layinta a rajista.